Naira 85,000 na biya aka ƙone mini kai da sunan keratin

Na yi niyyar yin shiru saboda kunya, amma abin ya ƙi barin zuciyata. Naira 85,000 na tura wa wata mai sayar da kayan gyaran gashi a Instagram, a nan Kano, kuɗin kwalba ɗaya tak ta man keratin na miƙe gashi.

Kafin ku ce sakarci na yi, wallahi sai da na tambaye ta. Sau biyu. Na ce akwai fomalin a ciki, wato sinadarin nan da ake adana gawa da shi? Ta turo mini murya: "Haba Anti, ko ɗigo babu, daga Burazil aka kawo, ni ma shi nake sa wa 'yata." Wannan "'yata" ɗin ce ta kashe mini jiki. Jiya da dare na sake saurara ya fi sau goma, har da 'yar dariyarta a ƙarshe. Wace uwa ce za ta jawo 'yarta cikin ƙarya? Ina gama ji na tura kuɗin.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san keratin, mun yi shi a makaranta. Furotin ne, da shi aka gina gashi da farce da ƙaho da kofato, har gashin kaza da ulun tumaki. Akwai farar wuta a cikinsa, ita ce warin da muke ji idan ana babbakar kan rago ranar layya, ita ce kuma ke ɗaure silin gashi ya zauna a murɗe. Na kwalba kuwa daga ulu ko gashin kaza ake narko shi, iyakarsa ya lulluɓe sili ya yi santsi, bayan 'yan wanki ya fita. Ba ya miƙar da gashi wata huɗu kamar yadda ta yi alkawari, ba ya kuma tsirar da sabo, don gashin da ya fito daga fata ba shi da rai. Duk na sani, amma na cire 85,000 na ba ta.

Ranar da aka shafa mini, ana saura kwana biyu kamun ƙanwata, kwalbar ta yi mako a ɗakina, kuma tun lokacin mai sayarwar ta fara jinkirin amsa saƙo, ban dai lura ba. Mai salon na ɗora ƙarfen miƙe gashi sai hayaƙi ya tashi. Idona ya cika da hawaye, maƙogwaro na ƙaiƙayi, yarinyar da ke taya ta aiki ta fita waje tana tari. Na ce wannan ai warin ɗakin gwaji ne, maganin da ake adana gawa da shi. Duk da haka na zauna aka gama, saboda ina tuna kuɗina. Wannan kam laifina ne.

Yanzu fatar kaina duk ƙuna, gashin gaban goshi ya zube, da ɗankwali har gira na yi bikin. Da na ɓare takardar da aka manna a bayan kwalbar sai ga "methylene glycol" a ƙasa, wato fomalin ɗin da ta rantse babu. Lambar NAFDAC ma babu. Ashe tun 2011 hukumomin Amurka suka yi gargaɗi kan irin waɗannan kwalabe masu cewa babu fomalin alhali akwai, kuma tun 2004 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa sinadarin cikin masu jawo kansa.

Na tura mata hoton kaina, ta ce wai mai salon ce ba ta iya ba. Na ce ki dawo mini da 85,000 ɗina, ta toshe ni.

Ku duba lambar NAFDAC, ku ɓare duk takardar da aka manna, in hayaƙi ya sa ku hawaye ku tashi a wanke. Hotunan hirarmu da rasit ɗin banki da muryar nan duk suna wayata, zan saka su da daddare in an kawo wuta.