Sharhi: Wata shida da ɗaura wa tsohuwar laftof katin girafik na waje

Laftof ɗin da nake magana a kanta ƙirar 2015 ce, na saye ta ta hannu shekaru huɗu da suka wuce, tana ɗauke da katin girafik, wato ɓangaren da ke sarrafa hoton da ake gani a allo, na GTX 960M mai gigabait 2. A lokacin ta wadatar da ni wajen aikin makaranta da rana, da dare kuma ƙannena da 'ya'yan maƙwabta su cika zaure suna buga wasan ƙwallo a kanta har a kira sallar isha'i. Daga bara ne ta fara gazawa, hoto yana tsaitsayawa, fanka tana kururuwa kamar injin markaɗe, shi ya sa na ɗauke ta daga ƙauyenmu da ke kusa da Ringim na nufi Kano da niyyar a cire tsohon katin a sa mata sabo.

Mai gyaran da na samu bai ɓata mini lokaci ba. Ya kwance bayanta, ya nuna mini wani ɗan murabba'i a kan babban allon ciki, wanda su ke kira bod, ya ce: "Malam, ka ga katin naka nan. Da dalma aka liƙe shi, ba a soke yake ba, balle a zare." Haka mafi yawan laftof suke, kuma wannan ne abu na farko da ya kamata duk mai irin niyyata ya sani kafin ya kashe kuɗin mota. Akwai tsirarun manyan laftof masu kauri da aka yi wa kati mai fita na tsarin MXM, akwai kuma waɗanda ke da kafar Thunderbolt 3 da ake jona wa akwatin kati na waje, amma tawa ba ta da ko ɗaya daga ciki.

Hanyar da ta rage ita ce wata 'yar na'ura ƙirar China da ake jonawa a gurbin katin Wi-Fi. Ana zare katin Wi-Fi ɗin, a soka wata siririyar waya a madadinsa, wayar ta fito waje zuwa wani ƙaramin mazauni da ake dasa katin kwamfutar tebur a kansa. Na sayi mazaunin, na sayi GTX 1060 mai gigabait 6 na hannu, da akwatin wuta na kwamfutar tebur domin ciyar da shi. A takarda, bambancin babba ne, domin sabon katin yana da ƙwayoyin sarrafawa 1280, nawa na ciki kuwa 640, ga ƙwaƙwalwar hoto ninki uku.

A aikace kuwa ba duka wannan ƙarfin ke isowa ba, kuma dalilin bai da wuyar fahimta. Gurbin da aka yi wa wannan kati a kwamfutar tebur layi goma sha shida gare shi, gurbin Wi-Fi kuwa layi ɗaya tak. Kamar a ce an haƙa rijiyar burtsatse mai ruwa sosai, sannan aka ja ruwan zuwa gona da siririn tiyo. Idan aka bar hoton ya koma allon laftof ɗin, ta wannan layi ɗaya zai sake bi, sai abin ya ƙara nauyi har ya kusa komawa gidan jiya. Sai da na jona talabijin kai tsaye a jikin katin ta wayar HDMI sannan na ga amfanin kuɗina: wasan ƙwallo ya daidaita, ciyawar fili ta fito tas, wasannin da a da nake rage musu komai zuwa ƙasa yanzu suna tafiya a matsakaicin mataki. Duk da haka, a wasannin da ake yawo cikin babban gari, inda kati ke yawan karɓar sababbin hotuna, akan sami ɗan tsaiko nan da can. Saitin manhajar da ke tafiyar da katin ma ya ci mana yini guda, saboda irin wannan haɗi ba abin da aka ƙera laftof ɗin dominsa ba ne.

Abin da ban lissafa ba tun farko, kuma shi ya fi damuna, shi ne wuta. Katin kaɗai yana jan wat 120 idan wasa ya yi zafi, ga cajar laftof, ga talabijin. Ƙaramar solar da ke gidanmu an kafa ta ne don ƙwai huɗu da fanka da cajin waya, saboda haka da rana tsaka tana ɗauka, amma bayan magariba, lokacin da yara ke taruwa, inbata kan fara kuka kafin a gama wasa na uku. Laftof tana da batirinta, katin waje kuwa ba shi da shi, don haka da wuta ta yanke sai komai ya daskare nan take. Sau biyu na kunna janareta saboda gasar da yaran suka shirya, na uku na duba kuɗin fetur na ce a haƙura.

Sai kuma zaman da na'urar ta tilasta mini. Laftof ɗin da nake ratayawa a kan babur zuwa makaranta ta zama kayan ɗaki, murfin ƙasanta a buɗe, waya ta fito daga cikinta, kati tsirara a kan tebur. Da hunturu ya shigo, sai na riƙa rufe shi da tsohon zane, ina hure ƙura duk mako. Intanet kuma sai ta wayar salula da igiyar USB, tunda Wi-Fi ya tafi.

Akwai gaskiyar da zan faɗa ko da ba ta yi wa dabarata daɗi ba. A ranar farko, kafin a jona komai, mai gyaran ya wanke fankokin, ya zaro ƙura mai kama da auduga daga maƙogwaron iska, ya goge busasshen man sanyaya da ke kan ƙwaƙwalwar kwamfutar ya shafa sabo, ya ƙara RAM, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da take kan yi, daga gigabait 8 zuwa 16, sannan ya maye tsohon faifan adana bayanai da SSD, wanda ya fi shi sauri. Zafi ne ke sa ƙwaƙwalwar kwamfuta ta rage gudu don kare kanta, kuma a bazarar Jigawa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wannan aikin mai araha shi ya kawar da rabin tsaitsayawar da na je Kano dominta.

Wanda ke da talabijin, da wuta mai tsayawa, kuma ba ya bukatar fita da laftof ɗinsa, zai ji daɗin wannan haɗi. Ni dai na fara neman akwatin kwamfutar tebur na hannu da zan mayar da katin ciki ya sami layukansa goma sha shida, laftof kuma a maida mata Wi-Fi ɗinta kafin a koma zangon karatu.