Sushi a bayan garin Tokiyo: na bel mai juyawa ko na ƙaramin shago?

Alhaji barka da ƙoƙari, Allah ya kai ku lafiya. Na ga tambayarka, ka ce za ku sauka wajen Kasukabe a Saitama ta ƙasar Japan kai da Hajiya da yara biyu saboda harkar kayan mota, kuma wanda zai sauke ku ya ce akwai gidan sushi, dunƙulen shinkafar nan mai yankan kifi a kai, iri biyu kusa da masaukin, ɗaya babba a bakin titi wanda abinci ke yawo a kan bel, ɗaya kuma ɗan ƙaramin shago na wani tsoho a cikin unguwa, kana so ka san wanne ya fi, nawa za a kashe, kuma ya maganar halal take. To ni dai shawarata ku fara da na bakin titin, na tsohon ka bari sai an kwana biyu ka je kai kaɗai da wani mai jin Japananci, da rana. Bari in faɗa maka dalili, don ba wai na bakin titin ya fi daɗi ba ne, ko kusa.

Na bel ɗin su suna ce masa kaiten-zushi. Wani mai gidan abinci a Osaka ne ya ƙirƙiro shi, Yoshiaki Shiraishi, ya buɗe na farko a 1958 bayan ya ga yadda kwalabe ke tafiya a kan bel a masana'antar giya ta Asahi, shi matsalarsa lokacin ƙarancin ma'aikata ce, sai baje kolin duniya na Osaka a 1970 ya sa abin ya bazu ko'ina. Yanzu manyan kamfanonin su ne Sushiro da Kura Sushi da Hama Sushi da Kappa Sushi, kuma in ka bi babbar hanya mai lamba 16 da ta zagaye bayan Tokiyo, wadda ta ratsa ta Kasukabe ɗin nan taku, ba za ka yi nisa ba sai ka ga allon ɗaya daga cikinsu, da ƙaton filin fakin kyauta a gaba. Asalinsu na bayan gari ne, an gina su ne don iyali masu mota. Har farashin ma ya nuna haka, don lokacin da Sushiro suka ƙara kuɗi a watan Oktoban 2022 faranti mafi araha ya koma yen 120 a rassan bayan gari, amma na tsakiyar birni 150. Faranti ɗaya yawanci sushi biyu ne. Babban mutum mai ci sosai zai share faranti goma zuwa sha biyu ya haɗa da miya, ka ga da wuya ya wuce yen 2,000, ku huɗu har da yaran in kun kashe 6,000 kun ci kun yi nak.

Yadda abin yake, kana shiga ba ruwanka da kowa, inji ne a bakin ƙofa za ka danna ku nawa ne, tebur kuke so ko kanta, ya fito maka da 'yar takarda mai lamba, in an kira lambar ka nufi teburinka. A teburin akwai sikirin na yin oda kuma ana juya shi zuwa Turanci, da hoton komai da farashinsa, kana dannawa bayan 'yan mintuna sai ka ji ƙararrawa faranti ya taho a guje ya tsaya daidai gabanka. Akwai wani ɗan famfo a jikin teburin mai baƙin maɓalli, don Allah ka gargaɗi yara tun kafin su zauna, ba na wanke hannu ba ne, tafasasshen ruwa ne na shayi, garin koren shayi za ka zuba kaɗan a kofi sai ka danna maɓallin da jikin kofin. Shayin kyauta ne, haka yankakkiyar citta mai tsami da ke cikin akwati. In Kura kuka je kuma yara sun samu abin yi, akwai rami a gefen tebur da ake zura farantin da aka gama da shi, duk faranti biyar sai wasa ya fito a sikirin ko a dace da ɗan abin wasa ya faɗo, kuma wallahi dabara ce ta kasuwa, za ka ga yaro ya ƙoshi amma yana roƙon a ƙara biyu don su cika biyar.

Wani abu da ya canza, da can sushi ne ke ta zagayawa ka miƙa hannu ka ɗauki wanda ya yi maka. A farkon 2023 wani matashi ya lashi bakin kwalbar shoyu, baƙin romon waken soya da ake dangwala sushi a ciki, a wani reshen Sushiro a Gifu aka ɗauki bidiyo aka watsa, ƙasar ta ɗauki zafi sosai, daga nan wurare da yawa suka koma sai abin da ka yi oda kawai ake turo maka. Kura su sun ci gaba da juyawa don farantansu na da murfin roba. Ko a ina ne dai ƙa'idar ɗaya ce, abin da ka taɓa naka ne, ba a mayar da faranti kan bel.

Shi kuma shagon tsohon wata duniya ce daban. Labule ne gajere a ƙofa, in ka ga an rataye shi to an buɗe, ka tura ƙofar gefe ka shiga, kujeru bakwai ko takwas a jikin kanta ta katako, gilashi a gabanka an jera yankan kifi, mai shagon wanda ake kira taisho yana tsaye a baya da farar riga, matarsa ce yawanci ke kawo shayi da ɗan tawul mai ɗumi na goge hannu. Kamar mai tsiren unguwa ne da ya shekara talatin a wuri ɗaya, ya san wanda ke son kitse da wanda ba ya so, baƙo kuma sai an ɗan kalle shi tukuna. Ba wulaƙanci ba ne, tsoro yake kar ku kasa fahimtar juna.

Bambancin ɗanɗano kuwa a shinkafar yake fiye da kifin, mutane ba su cika lura da wannan ba. A na bel inji ne ke dunƙula shinkafar, tun 1981 kamfanin Suzumo ya fito da injin yin haka, ma'aikaci ɗora kifi kawai yake a kai, shi ya sa duk girmansu ɗaya kuma wani lokaci za ka ji ta da ɗan sanyi ta daskare. Taisho kuwa zai jiƙa hannu, ya ɗebo shinkafa da dama daga wani ƙwaryan katako, ya riƙe yankan kifin a hagu, ya lakato wasabi, wani koren yajinsu, da ɗan yatsa ya shafa, ya haɗa ya matsa sau biyu uku ya juya, ya ajiye a gabanka, duka bai fi ƙiftawa kaɗan ba. Shinkafar da ɗuminta kamar ɗumin jiki, a hannu tana riƙe amma tana shiga baki sai ta warwatse. Ana so ka ci nan take, kar ka tsaya ɗaukar hoto tana hucewa. Da hannu za ka iya ci ba wanda zai ce maka komai, asali ma haka ake ci tun zamanin da ake sayar da shi a rumfunan titin Edo, tsohon sunan Tokiyo, wajen shekarun 1820. Sai dai gefen kifin ake dangwalawa a shoyu ba shinkafar ba, in ba haka ba ta tarwatse maka a ɗan kwanon. Ka nemi saba a wurinsa, taitus ɗinmu ne dai da muka sani amma an jiƙa shi da gishiri da binega, a nan ake gane gwanin, na mai hannu ba ƙarni ko kaɗan.

Kuɗi fa? Nan ne ake yin hankali. Da rana irin waɗannan shagunan suna da saiti mai farashi a rubuce, yawanci tsakanin yen 1,000 da 2,000, sushi takwas ko goma da miya, kuma sau da yawa mataki uku ne, nami na talaka, jo na tsakiya, tokujo na sama. Wannan garaɓasa ce, kifi ɗaya ne da na dare. Da dare kuwa wasu ba su da farashi a jikin bango sam, wani kifin ma an rubuta kuɗinsa ya danganta da kasuwar ranar, in ka ce omakase, ka bar wa taisho zaɓi ke nan, bil zai iya kaiwa 8,000 ko 10,000 mutum ɗaya ko da a unguwa ne, na Ginza, unguwar masu kuɗi a tsakiyar Tokiyo, kam ba a magana, 30,000 ba komai ba ne a can. Ba laifi ba ne ka faɗa masa tun farko iya abin da za ka kashe, zai tsara maka daidai. Ka riƙe tsabar kuɗi don da yawansu ba sa karɓar kati, kuma suna rufewa wajen ƙarfe biyu sai biyar na yamma. Duka wuraren biyu ba a ba da tukuici, in ka bar canji a tebur za a biyo ka da shi har waje.

Sai maganar halal wadda na san ita ta fi damun Hajiya. Kifin kansa ba matsala, mu da muke kan Malikiyya duk abin da ke rayuwa a teku halal ne, jatan lande da ƙaguwa da tako mai hannuwa takwas duk sun shiga, abokanka 'yan Pakistan da za ka haɗu da su a wajen gwanjon motoci su Hanafawa ne za ka ga suna tsayawa a kifi zalla, kar ka yi mamaki. Matsalar a abin da ake haɗawa take, kuma kowane wuri da irin tasa.

Na bel akwai alade a kicin ɗinsu, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Suna sayar da ramen, wato taliya a cikin romo, da sushi mai yankan naman alade a kai, da mai ɗan dunƙulen niƙaƙƙen nama wanda yara ke so kuma galibi haɗin sa da alade ne, sai kayan zaƙi masu jelatin, wanda sau da yawa daga fatar alade ake yin sa. Amma su kamfani ne, suna da jadawalin abin da ke cikin kowane abinci saboda masu aleji, a intanet ko a sikirin, za ka duba layin alade da na jelatin ka ga inda aka sa alama. Abin da jadawalin ba zai gaya maka ba shi ne giya, don ita ba ta cikin kayan aleji. Kuma yarinyar da ke aiki a wurin ɗaliba ce mai aikin awa, ko ka tambaye ta ba ta san me aka zuba a miyar ba, daga masana'anta ta zo a leda.

Shagon tsohon akasin haka ne. Da wuya ka ga alade a wurinsa, kifi ne da ƙwai da shinkafa. Amma giyar girki tana ko'ina, akwai mirin wata giyar shinkafa mai zaƙi, akwai wadda suke kira sake, ita ma giyar shinkafa ce, da su ake dafa nikiri, ruwan da yake shafawa a kan kifin da ɗan buroshi kafin ya miƙo maka, da su ake yin baƙin romo mai kauri na kan anago da unagi, kifayen nan masu kama da maciji, har wainar ƙwan nan mai zaƙi sau da yawa da mirin a ciki. Wasu kuma binegar shinkafarsu ja ce, daga dusar sake ake yin ta. Amfanin wurin shi ne wanda ya haɗa komai da hannunsa yana tsaye a gabanka, in mai fassara ya ce masa kar a shafa nikiri a sa gishiri da lemon tsami, zai yi, wani ma daɗi zai ji an ba shi aikin tunani. To ka ga can takarda ce ba mai amsa tambaya, nan kuma mai amsawa ne ba takarda. Shi kansa shoyu akwai ɗan burbushin giya da ke fitowa wajen tsimuwarsa, wasu kamfanonin ma ƙarawa suke don kar ya lalace, malamai sun yi saɓani a kan irin wannan da kuma binega, ni ba mai fatawa ba ne, ka tambayi malaminka kafin ku taso. Masu tsantseni dai suna sayen ƙaramar kwalbar shoyu mai tambarin halal su sa a jaka, a na bel ba wanda zai kula ka fito da ita, a kantar tsoho kuwa sai ka nemi izini tukuna don kamar ka raina masa haɗi ne.

In Hajiya ta ce ita fa ba za ta iya ɗanyen kifi ba, na bel ya sake cin maki, akwai dafaffen jatan lande, da salmon da aka babbake samansa da wuta, da naɗin kokwamba, da masara da mayonis, da soyayyen dankali, ba wanda zai zauna da yunwa. Wanda zai gwada ɗanye karon farko ya fara da salmon, shi ne mafi laushi, kuma abin dariya ɗanyensa ba ma abincinsu na gargajiya ba ne, 'yan Norwe ne suka yi ta tallata musu nasu na kiwo tun shekarun 1980 har ya karɓu, shi ya sa wasu tsofaffin masu kanta har yau ba sa ajiye shi, kar ka shiga ka fara da tambayarsa. Wasabi kuma a na bel yawanci daban yake a 'yar leda kai za ka sa, a kanta yana ciki tun farko, in na yara ne ka ce sabi-nuki a cire musu, ba irin zafin barkono ba ne, hanci yake hawa ya sa hawaye ya wuce.

Ranar da za ka je wurin tsohon kar ka fesa turare Alhaji, na san halinmu da oud da humra, amma a ɗan ɗaki mai kujera takwas ƙamshin zai danne na kifin kowa, kuma suna jin haushin wannan sosai ko da ba su furta ba, wasu shagunan ma a ƙofa suke rubutawa. Na bel kuma ku guji daren Asabar da Lahadi tsakanin shida da takwas, duk iyalan unguwa can suke, ana iya jiran awa guda a tsaye, sai dai mai masaukinku ya kama muku layi ta manhajarsu a waya tun da yamma ku isa daidai lokacin da aka ba ku.