Na dawo Manchesta, amma da bizar baƙunta

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa lafiya a Tudun Wada. Ka ce in ba ka labarin yadda na tarar da garin, tunda wannan karon ba ɗalibi ba ne ni. To, garin yana nan yadda na bar shi, ruwan sama ma bai fasa ba ko a Yuli. Takardar da ke hannuna ce ta canza, ita kuma ta canza mini kuɗin komai.

Ka tuna a Janairun 2025 bizar karatuna ta ƙare. A lokacin akwai damar zama shekara 2 a Birtaniya bayan kammala digiri, wadda suka buɗe a 2021, sai dai dole ka nema kana cikin ƙasar kafin bizarka ta mutu. Da na yi lissafi, fam 822 na nema, ga kuɗin lafiya fam 1,035 kowace shekara, jimla fam 2,892. Na juya shi zuwa naira, na haɗa kayana na taho gida. Wanda ya fita kuwa, ƙofar nan ta rufe masa. Shi ya sa da bikin yaye mu ya zo sai na nemi ta baƙunta daga Abuja: fam 127, takardar banki, da wasiƙar wurin aikina mai nuna zan koma. Ba su nemi gwajin tarin fuka ba, don wannan na masu wuce wata 6 ne.

A filin jirgi jami'ar shige da fice ta buɗa fasfo, ta ga tsohuwar biza, ta ɗago kai ta ce me ya dawo da ni. Na miƙa mata takardar gayyata da tikitin komawa. Ta tambayi inda zan kwana, ta sake mini. Kilishin da Inna ta so in taho da shi, gara da na bari, don nama da madara daga ƙasashenmu ba sa shiga. Kuka, daddawa da yaji ne suka iso lafiya, kuma su ne suka saya mini wurin kwana a kan doguwar kujerar wani abokina ɗan Gyallesu.

Abin da ya fi yi mini ciwo aiki ne. Da ina ɗalibi doka ta ba ni awa 20 a mako, da ita nake biyan haya ina tura muku ɗan abin da ya samu. Kwana uku da isowata na haɗu da mutumin da na taɓa yi wa lodin kaya, ya rungume ni, ya ce yana neman hannu ranar Asabar, in zo a biya ni a tafin hannu. Wallahi sai da zuciyata ta raya mini. Amma baƙo ba ya aiki, ko na kuɗi ko na taimako a shago, in aka kama ka kuwa ka ɓata sunanka a duk neman da za ka yi nan gaba. Na ce masa na gode. Sai ga ni zaune tsakar rana ina kallon taga, aljihu yana zuba ba mai mayarwa.

Jirgin ƙasa zuwa Landan ma ya gwada mini. Katin rangwamen ɗalibai yana cire kashi ɗaya cikin uku, nawa ya mutu, na biya cif. Motar haya dai tana zuwa a kan minti, ba mai cewa sai ta cika kamar yadda muke shanya a Kwangila. Amma fa ba ciniki, ba "Direba, a yi haƙuri, canjina bai kai ba".

Asibiti kuma sai a hankali. A da na riga na biya fam 470 na shekara tare da biza, ko ina na je ba a tambayata sisi. Yanzu sashen gaggawa da ganin likitan unguwa kyauta ne ga kowa, amma in aka kwantar da baƙo ana cajinsa ninki ɗaya da rabi na kuɗin aikin. Da mura ta kama ni na shiga kanti, fakiti biyu na farasitamol kawai suka yarda su sayar mini. Maganin ƙwayoyin cuta kuwa sai da takardar likita. A nan na ba su gaskiya. Yadda yaron kemis a Sabon Gari yake zuba wa mutum ja da rawaya a leda ba tare da tambaya ba, ba gata ba ne.

Inda Zariya ta yi musu fintinkau shi ne aikin hannu. Na fito da shaddata ta biki duk ta yamutse, na kai shagon wanki. Matar ta ɗaga babbar rigar, ta juya ta, ta rasa inda wuya yake, ta tambaye ni ko labule ne. Kuɗin da ta faɗa zai yi wa gidanmu duka wanki da bugu. Na dawo na shimfiɗa bargo a ƙasa, na yi awa ɗaya ina guga, aikin wuyan ya ƙi kwanciya. Aski fam 15. A kasuwar Longsight na samu kuɓewa, attaruhu da naman halal, amma doya guda ɗaya sai da na ajiye na sake ɗauka sau biyu kafin na saya.

Bizar ta wata 6 ce, ni kuwa kwana 18 na rubuta, kuma su zan yi, don in na zarce abin da na faɗa za su tuna mini a nema na gaba. Ka gaya wa ƙanenmu mai cewa zai shigo da ta baƙunta ya juya ta zuwa ta karatu cewa ba a yin haka daga ciki, sai ya koma gida ya nema.

Ranar Alhamis zan sauka Abuja, in biyo jirgin ƙasa zuwa Rigasa. Ka turo wanda zai ɗauke ni, kuma a ce wa Inna miyar kuka nake so, da man shanu.