Mödlareuth: gabas da yamma a ƙauye ɗaya

Malam, ka tambaya ko ƙauyen nan na Jamus da aka ratsa tsakiyarsa da katanga da gaske ne ko shirin fim ne, kuma a cikin ɓangarorin biyu wa ya fi jin jiki. To da gaske ne. Sunansa Mödlareuth, yana kusa da garin Hof, mutanensa duka-duka ba su wuce 50 ba, kuma wani ɗan rafi mai suna Tannbach ne ya raba shi, rafin da ko yaro zai iya tsallake shi da gudu ɗaya. Ƙetaren nan jihar Bavariya, ƙetaren can jihar Turingiya.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, iyakar nan ta girmi yaƙin cacar baki nesa ba kusa ba. Tun 1810 aka kafa duwatsun iyaka a bakin rafin, gefe guda masarautar Bavariya, ɗaya gefen wata ƴar ƙaramar masarauta da ake kira Reuss, wadda daga baya ta shiga cikin Turingiya, amma babu wanda abin ya dama, makaranta da gidan shaƙatawar ƙauyen suna ɓangaren Turingiya, ranar Lahadi kuma kowa ya ɗunguma zuwa coci a Töpen da ke ɓangaren Bavariya, ana auratayya, ana biki tare ana jana'iza tare. Kamar dai Illela da Birnin Ƙonni, a takarda ƙasa biyu, a kasuwa da zumunci kuwa abu ɗaya. Sai da aka gama yaƙin duniya na biyu a 1945 Turingiya ta faɗa hannun Tarayyar Sobiyet, Bavariya ta faɗa hannun Amurka, a 1949 aka kafa ƙasashe biyu, daga nan ɗan rafin ya zama iyakar Jamus ta Gabas da ta Yamma, Turingiya a gabas, Bavariya a yamma. A 1952 aka kafa shingen katako, aka yi ta sauya shi da waya mai ƙaya da sauransu, har 1966 da aka zuba katangar siminti mai tsawon mita 700, tsayinta kuma sama da mita 3. Sojojin Amurka da ke sintiri a wurin suka laƙaba masa Ƙaramar Berlin.

Mu fara da gabas don a nan maganar take. Gwamnatin gabas ce ta gina katangar, kuma ba don kar a shigo mata ba, don kar nata su fita ne. Daga 1952 duk wanda ke zaune cikin kilomita 5 daga iyaka yana cikin yankin da ba a shiga sai da takardar izini, wanda ke cikin mita 500 kuma dokarsa ta fi tsanani, to Mödlareuth a kan layin ma yake. Kai da gidanka sai an buga maka hatimi na musamman a katin shaida kafin ka riƙa shige da fice, ɗan'uwanka da ke wani gari cikin Jamus ta Gabas ɗin ma in zai zo suna ko biki sai ka nema masa izini tun da wuri, a ba shi ko a hana, babu wanda za ka tambaya dalili. Wanda hukuma ba ta yarda da shi ba kuwa a kan zo masa da asuba da mota a kwashe iyalinsa da kayansu a kai su cikin ƙasa, an yi wa dubban mutane haka a duk tsawon iyakar a 1952, aka sake a 1961. A ƙauyen nan masu gidan niƙa da ke bakin rafin suna cikin waɗanda za a kwashe, suka samu suka tsallake yamma kafin a rufe da su, daga baya aka rushe ginin. Gonaki aka haɗe su cikin gandun gama-kai irin na gurguzu. Da dare fitilu a kan katanga har asuba, ga hasumiyar masu gadi. Amma ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne hana gaisuwa, wato ka hango yayanka uwa ɗaya uba ɗaya a kan tudun ƙetare, ba ka da ikon ɗaga masa hannu balle ka ce ina kwana. Wallahi wannan ya fi min simintin ciwo.

Sau ɗaya aka san wani ya haura katangar ƙauyen ya tsira, a 1973, ya tuƙo mota har gindinta, ya ɗora tsani a kan rufin motar ya dire ta can.

Yamma fa? Su babu mai hana su komai, mutum zai taka har bakin rafin ya tsaya ya kalla, ya ɗaga hannu in ya ga dama, sai dai ba za a amsa masa ba. Suna da kuɗi mai daraja, kanti cike da kaya, mota in kana da kuɗinta ka saya, yayin da na gabas sai ya rubuta suna ya jira ƴar motarsu Trabant shekara 10 ko fiye. Amma kar ka ɗauka daɗi suka ji. Sun wayi gari a ƙarshen hanya, titi ya zo ya ƙare a jikin katanga, makarantar da ƴaƴansu ke zuwa ta koma wata ƙasa, kuma ko sun bi ta mashigar hukuma sun shiga gabas ba a barin baƙon yamma ya shiga yankin iyaka, sai dai a yi alkawarin haɗuwa a wani gari. Ga kuma ƴan kallo, bas-bas ake sauke mutane su ɗauki hoto su tafi, har George Bush babba ya je a 1983 lokacin yana mataimakin shugaban Amurka. Ka ga na yamma ya zama abin kallo, na gabas ya zama abin tsaro, in kuma ka ce in zaɓa to gaskiya ba a haɗa su, na gabas ya fi jin jiki nesa.

Da katangar Berlin ta faɗi ranar 9 ga Nuwamba 1989 su nan ba a buɗe musu nan take ba, sai da suka ƙara wata guda cif, ranar 9 ga Disamba aka fasa ƴar ƙofa ta masu tafiya a ƙasa, sannan ranar 17 ga Yuni 1990 aka kawo katafila ta ture mafi yawanta. Suka bar wani yanki da gangan, shi ne yau gidan tarihi na fili, akwai katangar, akwai hasumiya, shingen ƙarfe, motocin masu gadin iyaka, kuma baƙin da ke zuwa a shekara dubbai ne, sun ninka mazauna ƙauyen ba adadi.

Yanzu ƙasa ɗaya ce amma takardu ba su haɗe ba, kuma nan ne abin dariyar. Ƙetaren Bavariya yana ƙarƙashin ƙaramar hukumar Töpen, ƙetaren Turingiya yana ƙarƙashin garin Gefell, don haka magajin gari biyu, lambar gidan waya biyu, lambar farkon tarho ma daban. Motar wannan lambarta ta fara da HO, ta maƙwabcinsa SOK. Zaɓen majalisar jiha ba rana ɗaya suke yi ba, hutun makaranta ma kowace jiha da nata, yaron can ya riga ya koma aji na nan yana tsakiyar hutu. Har gaisuwa, na Bavariya ya ce maka Grüß Gott, na Turingiya ya ce Guten Tag.

In Allah ya kai ka Jamus kana son gani da idonka, ka hau jirgin ƙasa zuwa Hof, daga can ka nemi mota ko tasi don ƙauye ne sosai, bas ba ya yawan bi. Rabin yini ya ishe ka, kuma ka riƙe gurasarka da ruwanka a jaka, kar ka sa rai da kanti a wurin.