Ƙara batir na biyu a fanka mai caji: haɗin jere ko haɗin kafaɗa da kafaɗa?

Ɗan'uwanmu na Samaru ya ce fankarsa mai caji ba ta kai shi asuba idan aka ɗauke wuta, yana so ya ƙara mata batir na biyu, kuma yana tambaya wane haɗi ne ya fi dacewa. Malam, hanyoyin biyu ne, kuma sakamakonsu ba ɗaya ba ne ko kaɗan.

A haɗin jere ana haɗa kan batir ɗaya mai alamar + da kan ɗayan mai alamar -, sai ƙarfin wutar ya ninka. Yawancin ƙananan fankokin nan suna aiki da batirin dalma mai bolt 6 da 4.5Ah (Ah ma'aunin yawan wutar da batir ke iya ajiyewa ne), saboda haka biyu a jere za su ba da bolt 12, adadin Ah kuwa yana nan a 4.5. Fankar da aka ƙera don bolt 6 ba za ta jure wannan ba. Ko allon wutarta ya ƙone, ko injin, kuma cajar da ke cikinta ba za ta iya cika su ba.

Haɗin kafaɗa da kafaɗa shi ne + da +, - da -. Ƙarfin yana nan a bolt 6, amma ma'ajiyar ta zama 9Ah, wato fankar da ke yin awa uku za ta kusan yin shida. Wannan ne abin da kake nema, sai dai yana da sharuɗɗan da masu gyara da yawa ba sa tsayawa su bayyana. Dole baturan su zama iri ɗaya, ƙarfi ɗaya, kuma shekarunsu ɗaya, domin idan aka haɗa sabo da wanda ya gaji, tsohon zai riƙa zuƙe sabon har su lalace tare. A ganina, tunda naka ya riga ya yi rauni, gara ka cire shi ka sayi sababbi biyu a Sabon Gari a rana ɗaya, a cika su, a auna su da mita a ga sun yi daidai kafin a haɗa, sannan a sa fiyus a wayar kowanne. Ka kuma sani cewa lokacin caji zai ninka, tunda cajar ba ta canza ba, kuma idan wutar unguwarku ba ta daɗewa, baturan za su riƙa kwana ba a cike ba, abin da ke saurin kashe batirin dalma.

Idan kuwa fankar taka mai batirin litiyam ce, irin 18650 (ƙaramin batir mai siffar gwangwani) mai bolt 3.7 wanda ke kai 4.2 idan ya cika, a ƙara taka tsantsan. Kada a taɓa haɗa shi da na dalma, kada kuma a cire allon kariyarsa. Litiyam ba ya son caji a zafin da ya wuce digiri 45, kuma fankar da aka bari a ɗaki mai rufin kwano a watan Afrilu tana iya kaiwa nan. Duk 18650 da ka ga an rubuta masa 9900mAh (wato 9.9Ah) ƙarya ce, domin na kirki bai cika wuce 3500mAh ba. Fankar da ke caji ta USB kuma ba ta ma buƙatar a buɗe ta, fawa banki ya wadatar.