Diyyar saniya ko aikin gadin zaki, wanne ya fi a ƙasar Masai?

A yankin Amboseli na Kenya dabara biyu ake gwadawa don Masai, makiyayan yankin, su daina kashe zaki. Ta farko diyya ce, tun 2003 a Mbirikani, wani filin kiwo na Masai a yankin, in zaki ya ci maka saniya ana biyanka, amma in sakacinka ne, ka bar ta ta kwana a daji, sai a rage kuɗin. Matsalarta kullum sai an nemo kuɗi, kuma wallahi makiyayi ba kuɗi kaɗai ya rasa ba, saniyar da ya sani da suna ce ta tafi.

Ni dai ta biyun, ƙungiyar Lion Guardians (masu gadin zaki) da aka kafa a 2007, ta fi kwanta min, samarin da a da suke farautar zaki da mashi su aka ɗauka aiki, suna bin sawu, su ce kar a kai garke wajen nan yau, su nemo dabbar da ta ɓata, su gyara shingen dare tun kafin a yi ɓarnar.