Wata biyar a ƙungiyar 'yan ritaya: ga abin da na gani, ga kuma jadawalin da suka fitar

Assalamu alaikum jama'a. Abokan aikina na da sun ishe ni da tambaya a WhatsApp, wai wannan ƙungiyar 'yan ritayar da na shiga ya take, akwai amfani ko kuwa zaman kashe wando ne aka canza wa suna. To jiya Talata aka raba mana jadawalin wata uku masu zuwa, shi ne nace bari in amsa wa kowa lokaci ɗaya in huta.

Gaskiya ba da son raina na shiga ba. Shekara 35 cif na yi ina aikin gwamnati, da na ajiye sai na rasa inda zan sa kaina, kullum ƙarfe bakwai na yi wanka na sa kaya har da hula, sai in zauna a falo ina kallon bango. Daga nan na koma sa ido a kicin, ina tambayar ina man gyaɗan da aka sayo shekaranjiya ya tafi, har uwargida ta kai ƙarata wajen babbar 'yarmu. Ita ce ta je ta biya kuɗin rajista ba tare da ta shawarce ni ba, ta dawo tace Baba dan Allah ka je ko sau uku ne, in bai maka ba ka bari. Yau wata biyar kenan, sau biyu kawai na yi fashi.

Ana haɗuwa Talata da Asabar, daga goma na safe zuwa azahar, a wani ɗakin taro ta wajen Unguwar Rimi. Kuɗin wata dubu biyu ne, ba shi da yawa, abin da ke cin kuɗi shi ne zuwan, ni daga Kawo nake tasowa kuma tunda aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin napep ɗin wata ya ninka kuɗin ƙungiyar ba sau ɗaya ba. Masu zuwa daga Barnawa da Sabon Tasha su ne abin tausayi. Amma suna zuwa, kuma wannan na cikin abin da ya burge ni, don mu da muka san Kaduna kafin rikicin 2000 mun san yadda aka rabu, wasu suka tsallaka kogi wasu suka tsallako. A ɗakin nan na sake haɗuwa da wani da muka yi ofis ɗaya shekara tara, rabona da shi tun lokacin. Liman ya buɗe da addu'a, fasto ya rufe, wani satin a juya, ba wanda ya taɓa ɗaga gira.

Laccar da ta fi min amfani zuwa yanzu ta fansho ce. Wani yaro matashi aka kawo, da na gan shi nace wannan me ya sani, ashe ya san aikinsa. Ya raba mana ɗakin gida biyu, 'yan tsohon tsari da mu 'yan sabon tsarin da dokar 2004 ta kawo, wanda ake yanka a albashi ana tarawa a asusunka, a dokar tarayya ta 2014 ma'aikaci kashi 8 wanda ya ɗauke shi aiki kashi 10. Abin da ban taɓa ganewa da kyau ba sai ranar shi ne bambancin barin kuɗinka wajen kamfanin fansho suna tsakuro maka duk wata, da miƙa shi ga kamfanin inshora su biya ka har ƙarshen rai. Na farkon in ka rasu abin da ya rage na magada ne. Na biyun shekara goma aka lamunce, in ka rasu kafin ta cika a biya magada ragowar, in ka wuce goma to ba sauran abin gado. Kuma in ka koma inshora ba dawowa. Wallahi ɗakin ya yi tsit, wani dattijo a gefena yace da ya ji wannan kafin ya sa hannu da ya yi shawara da iyalinsa tukuna. Tsofaffin ma'aikatan tarayya 'yan PTAD, wato hukumar da ke biyan fanshon tsohon tsari, kuma aka zauna da su ɗaya bayan ɗaya aka nuna musu yadda ake tantancewar nuna cewa mutum yana raye ta waya, ka tsaya gaban kyamara ta ɗauki fuskarka ba sai ka bi layi a rana ba.

To yanzu jadawali. Zama goma sha biyu ne aka tsara, na ƙirga da biro. Hawan jini, ciwon suga, matsalar fitsari ta maza masu shekaru, ciwon gwiwa, yanar ido, sai wasiyya da rabon gado zama biyu. Bakwai kenan. Haba jama'a! Ban ce ba su da amfani ba, ni kaina a nan wata Hajiya tsohuwar nas da ke auna mu kyauta duk Asabar ta ga nawa ya haura 140 bisa 90 sati uku a jere ta kore ni asibiti, Allah Ya saka mata da alheri. Zancen wasiyya ma ya kamata kowa ya ji, mutane da yawa ba su san ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiya ba, kuma ba a yi wa wanda zai ci gado. Amma mutum ya bar gida don ya huta da tunani, ya biya napep, ya zo kuma a yi ta lissafa masa cututtukan da ke jiransa sati bayan sati kamar an tara mu a bencin asibiti.

Sauran biyar ɗin ba laifi. Akwai ɗaya kan 'yan damfarar waya, masu kira su ce daga banki ne ka karanto lambar da aka turo maka ko ka ba da lambar bayan katin ATM, wannan kam ina roƙon kowa ya zo har da matarsa, mu ne abincinsu. Akwai kiwon kaji da kifi a bayan gida, wanda nake fata mai yin laccar zai faɗi gaskiya kan kuɗin abinci, don garatutin mutane da yawa a kejin kaji ya ƙare. Akwai gasar dara, da ludo na mata. Sai fita biyu, ɗaya zuwa Arewa House gidan Sardauna inda aka kashe shi ranar 15 ga Janairun 1966, abin kunya shekara nawa ina wucewa ta Rabah Road ban taɓa leƙawa ba, ɗayar kuma zuwa wurin shaƙatawa na Gamji a ga tsohuwar gadar Lugga da aka ɗauko daga Zungeru. An yi maganar tafiya Abuja ta jirgin ƙasa daga Rigasa a kwana ɗaya a dawo, amma da ma'aji ya faɗi lissafi sai kowa ya shiga gyaran hula, an dai ce sai an sake zama.

Abin da ya fi damuna da jadawalin ma ba yawan cuta ba ne, a'a duk masu maganar daga waje za a ɗauko su, ko mutum ɗaya babu daga cikinmu. Alhali zaman da ya fi kowanne daɗi a wata biyar ɗin nan ranar da likita bai zo ba ne. Muna zaune shiru ciyaman na ta buga waya, sai wani tsoho da ko magana bai cika yi ba, ashe tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, wani ya tsokane shi da tambaya ya fara ba da labari. Yadda Kaduna Textiles ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, yadda jiniya ke kaɗawa lokacin canjin aiki kekuna su cika titi ba masaka tsinke, masu tuwo da masu ƙosai a bakin get har tsakar dare, yadda ƙarar injin saƙa ke sa su magana da hannu har yau kunnensa ɗaya bai ji sosai, da ranar da ya je ya tarar an sa kwaɗo. Bai yi boko mai zurfi ba amma awa ɗaya da rabi ba wanda ya taɓa waya, wani tsohon ma'aikacin Peugeot ya karɓa, wani na reluwe ya ɗora, har aka kira azahar ba mu sani ba. Irin waɗannan mutanen suna nan cike da ɗakin, a kujerun baya.

Eh kujerun baya, don har yanzu ana zama ne bisa lebul. Tsofaffin daraktoci a gaba kan kujeru masu hannu, mu 'yan tsakiya a tsakiya, masinjoji da direbobi can baya kan na roba, ba wanda ya rubuta haka amma kowa ya san wurinsa. Ranka ya daɗe ta yi yawa. Wani har yanzu in zai yi tambaya sai ya fara da lokacin da nake darakta, to Alhaji ai duk alat ɗaya muke jira ƙarshen wata. Mata kuma ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba kuma ba a cika ba su lasifika ba, in ma lasifikar ta yi aiki, don in aka ɗauke wuta sai an yi karo-karon man janareta.

Ƙananan abubuwa: matakala uku ce a ƙofar shiga ba abin dafawa, banɗaki na tsuguno ne, ga masu ciwon gwiwa, ban san wa ya zaɓi wurin ba. Shayi da masa ana bayarwa kuma masar tana da kyau, sai dai an riga an zuba suga a butar tun daga gida, ina jiran in ga ko ranar laccar ciwon suga ma haka za a kawo.

In za ku tambaye ni maki, bakwai cikin goma. Ku zo, musamman wanda bai daɗe da ajiye aiki ba, a fara da Asabar ta fi cika, a taho da ruwan sha da tabarau don rubutun takardunsu ƙanana ne. Uwargida ta ba su goma cikin goma ita kam.

Jiya bayan an tashi na tari ciyaman nace ranka ya daɗe a cire ko ɗaya daga cikin cututtukan nan a ba mutumin Kakuri da na reluwe rana guda su yi magana da kyau, a kawo jikoki su ji. Ya jinjina kai yace shawara ce mai kyau, in rubuto a rubuce ta hannun sakatare, kwafi biyu, kwamiti zai duba. Na rubuta da daddare, Asabar zan kai.